Finafinan Barkwanci Marasa Magana: Tarihinsu, Zuwansu Arewa Da Saɓanin Da Ke Kansu

Finafinan barkwanci marasa magana su ne waɗanda aka riƙa shiryawa a Turai da Amurka daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa wajajen 1930, kafin dabarar haɗa murya da hoto ta zama ruwan dare. A cikinsu ɗan wasa ba shi da abin da zai ba mutane dariya da shi sai jikinsa da fuskarsa da abin da ya tarar a gabansa, ko tsani ne, ko guga, ko ɗan sanda mai kulki. Idan labari ya buƙaci bayani, sai a sako ɗan allon rubutu a tsakanin hotuna. Sunayen da suka fi fice a wannan fage su ne Charlie Chaplin da Buster Keaton da Harold Lloyd.

Yau kusan shekara 100 ke nan da rufe wannan babi, amma jayayya a kansa ba ta mutu ba. Masana fim suna jera wasu daga cikin waɗannan ayyuka a sahun mafi inganci da aka taɓa yi, yayin da masu kallo da dama ke cewa ba su ga komai a ciki ba sai guje-guje da faɗuwa. A ƙasar Hausa saɓanin yana da nasa launi, domin finafinan sun iso ne a bayan motar majigi ta Turawan mulkin mallaka, kuma sun tarar da al'ummar da mafi yawan raharta a kan harshe take.

Asalinsu da manyan 'yan wasansu

Fim ɗin barkwanci na farko da ya yi suna bai kai minti ɗaya ba. A 1895 'yan'uwan nan biyu na Faransa, Auguste da Louis Lumière, suka nuna wani mai ban-ruwa a lambu: yaro ya lallaɓo ya take tiyo, ruwa ya ɗauke, mutumin ya leƙa bakin tiyon don ya ga abin da ya faru, yaron ya ɗage ƙafa. Daga wannan ɗan gajeren wasa sana'ar ta girma, ta bi ta hannun Bafaranshe Max Linder, sannan ta hannun Mack Sennett wanda ya kafa kamfanin Keystone a Amurka a 1912, inda aka shahara da 'yan sandan da ke bin ɓarawo a mota suna zubewa a kowace kwana.

A wannan kamfani ne Chaplin ya fara fim a 1914. An haife shi a Landan a 1889, ya tashi cikin talauci mai tsanani. Yana da shekara bakwai aka kai shi gidan gajiyayyu, mahaifiyarsa kuma ta yi ta fama da taɓin hankali. Kamannin da duniya ta san shi da su, wato wando burmeme da matsattsiyar kwat da 'yar malfa da manyan takalma da sanda da ɗan guntun gashin baki, kamannin matalauci ne da ya ƙi yarda a gane matalauci ne. Cikin shekara biyu ya zama ɗaya daga cikin mutanen da aka fi biya a duniya, domin a 1916 kamfanin Mutual ya ba shi kwangilar Dala 670,000 a shekara. Manyan ayyukansa sun haɗa da The Kid na 1921, da The Gold Rush na 1925, da The Circus na 1928.

Keaton, wanda aka haifa a 1895, ya bi wata hanya daban. Ba ya murmushi a fim, komai ya same shi fuskarsa kamar dutse take, kuma wasansa da injuna da gine-gine da jiragen ƙasa yake. Lloyd kuwa matashi ne mai tabarau mai neman na kansa a birni, kuma hotonsa yana reto a jikin agogon wani dogon bene, a fim ɗin Safety Last! na 1923, yana cikin hotunan da aka fi sani a tarihin silima.

Zuwan fim ɗin The Jazz Singer a watan Oktoban 1927 ne ya buɗe ƙofar fim mai magana, kuma kafin 1930 manyan kamfanonin Amurka sun juya wa tsohon salo baya. Chaplin kaɗai ya yi turjiya. Ya fitar da City Lights a 1931 da Modern Times a 1936 da kiɗa da ƙarar abubuwa, amma bai bar gwarzonsa ya yi zance ba. Sai a 1940, a fim ɗin The Great Dictator wanda ya yi wa Hitler shaguɓe a ciki, ya buɗe baki sosai.

Kiran su marasa magana ma yana da ɗan gyara. Ba a cika nuna su cikin tsit ba: a Turai da Amurka akwai mai kaɗa piyano ko ƙungiyar makaɗa a gaban allo, a Japan kuma akwai mutumin da ake kira benshi, wanda ke tsaye a gefe yana ba da labarin yana kwaikwayon muryoyi.

Yadda suka iso Arewa

An fara nuna fim a Najeriya a watan Agustan 1903 a zauren Glover da ke Legas. Arewa ta jira. A 1921, shekarar da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya biya ta Ingila a kan hanyarsa ta zuwa aikin Hajji, ita ce shekarar da Chaplin ya koma Landan bayan fitowar The Kid, dubban mutane suka tare shi a tashar jirgin ƙasa. A lokacin talakan Katsina bai san da zamansa ba. Turawa sun zo sun ɗauki fim marar magana mai suna Palaver a tsaunukan Filato a 1926, amma don masu kallon Ingila aka yi shi.

Tsarin zaman da Turawa suka shimfiɗa ya raba masu kallo tun daga tushe. Unguwar GRA ta Katsina, kamar takwarorinta na Kano da Zariya da Sakkwato, an yanke ta ne a wajen ganuwa domin jami'an mulkin mallaka, bisa ƙa'idar zamanin Gwamna Lugard wadda ta so a bar fili marar gini, kimanin yadi 440, tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Baturen da ke zaune a can ya taso yana kallon Chaplin a garinsu, ya kuma san abin da 'yar malfar nan da sandar ke nufi a tsarin manya da ƙanana na Ingila. Mutumin cikin birni kuwa, idan ya ga hoton, abin da ya fara gani shi ne Bature cikin tsumma, yana jin yunwa, ɗan sanda yana korar sa. Wannan bai yi wa wasu masu mulki daɗi ba. Sir Hesketh Bell, wanda ya yi Gwamnan Arewa daga 1909 zuwa 1912, yana cikin waɗanda suka riƙa gargaɗin cewa finafinan Amurka za su zubar da kwarjinin Bature a idon waɗanda yake mulka.

Gidajen silima na kasuwa sun zo ne ta hannun 'yan kasuwar Lebanon. Rex ta buɗe a Kano a 1937, a lokacin da fim mai magana ya riga ya karɓe kasuwa. Malamai da dattawa ba su yi maraba da su ba, har aka riƙa kiran abin da dodon bango, kuma gobarar silimar El Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka sama da 300, ta ƙara wa mutane ƙyamar wurin. Don haka hanyar da tsofaffin finafinan barkwanci suka bi suka shiga garuruwa da ƙauyuka ita ce majigi, wadda ba a biyan kuɗi, kuma da yardar sarki ko hakimi ake kafa ta a fili.

Jagoran wannan aiki shi ne William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Legas, wanda ya fara amfani da fim wajen yaƙi da annoba a ƙarshen shekarun 1920, daga baya ya shugabanci sashen finafinan ƙasashen mallaka da aka kafa a Landan a 1939. Motar majigi tana ɗauke da injin wuta da na'urar haska hoto da lasifika. Abin da gwamnati ke son a gani shi ne tsaftar gari da allurar rigakafi da noman auduga da labarin yaƙi. Amma an san ba a tara jama'a da wa'azin haƙa masai kaɗai, don haka sai a haɗa da gajeren wasan Chaplin ko makamancinsa. Yawancin finafinan majigi ba su da murya, saboda harsunan ƙasar suna da yawa. Tafinta ne ke riƙe da lasifika yana bayani da Hausa. Ke nan Chaplin ɗin da aka sani a filin ƙofar hakimi yana da murya, kuma muryar Bahaushe ce, wanda ke ƙara gishiri gwargwadon iyawarsa.

Sellers ya yi imani cewa mutumin karkara a Afirka ba zai iya bin fim mai saurin sauya hoto ba, ya kuma shimfiɗa dokokin yin fim a hankali, ba tare da dabarun kyamara ba. Binciken da masanin al'adu Peter Morton-Williams ya yi a farkon shekarun 1950 a wasu ƙauyukan Najeriya, ciki har da na Hausawa, ya nuna mutane suna fahimtar abin da suke gani sarai. Ai wanda ya bi Chaplin yana zille wa 'yan sanda uku ta ƙofa huɗu, ya kuma yi dariya a daidai wurin dariya, ba ya buƙatar a koya masa kallon fim.

Bayan samun 'yanci, gidajen GRA suka koma hannun manyan ma'aikata da alƙalai da 'yan kasuwa, unguwar kuma ta ƙara faɗi bayan Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987. A irin waɗannan gidaje ne ake iya tarar da tsara uku a falo ɗaya: kakan da ya ga majigi yana yaro, da uban da ya tashi da wasannin talabijin na Samanja da Karkuzu da Kasagi, da jikan da bai san Chaplin ba sai a guntun bidiyo na wayar hannu. Ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba.

Abin da masu kushe ke cewa

Hujja mafi ƙarfi a wajen masu kushe ita ce raha a wurin Bahaushe magana ce. Habaici da zambo da ba'a da gatse da karin magana, duk da baki ake yin su. Wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, ko Katsinawa da Nufawa, ko tsakanin taubasai, gasa ce ta wanda zai fi iya mayar da martani nan take. 'Yan kama, waɗanda C.G.B. Gidley ya yi nazarin sana'arsu a 1967, suna ba da dariya ne ta hanyar ɗaukar salon karatun malamai da waƙoƙin makaɗa su juya su zuwa zancen tuwo da miya. Haka manyan 'yan wasan talabijin suke: Usman Baba Pategi ya gina Samanja ne a kan gurɓatacciyar Hausar bariki, Ƙasimu Yero ya yi fice da iya sarrafa lafazi, Umaru Ɗanjuma Katsina kuwa, mai Kasagi, marubucin wasan kwaikwayo ne, shi ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna. Ga wanda ya saba da wannan, fim ɗin da ba a ce uffan ba kamar miya ce babu gishiri.

Sai kuma batun mutunci. A tarbiyyar Hausa, idan mutum ya yi tuntuɓe ya faɗi, sannu ake ce masa, yaron da ya tuntsire da dariya kuwa ya sha ranƙwashi. Finafinan Keystone sun ginu ne a kan akasin haka: a yi wa dattijo shuri ta baya, a manna wa mace abinci a fuska, a tura mai ƙiba cikin kwata. Masu wannan ra'ayi suna ganin dariyar mugunta ce, kuma game da yawancin gajerun finafinan 1912 zuwa 1915 da wuya a ce sun yi ƙarya. Shi kansa Chaplin na farkon zamani mugun ɗan iska ne a fim. Tausayin da aka san shi da shi daga baya ya shigo.

Akwai ƙorafin da bai da amsa ko kaɗan, wato yadda aka nuna baƙar fata. A finafinan zamanin, baƙi bayi ne ko matsorata masu zare ido, sau da yawa ma Turawa ne suka shafa baƙin fenti. Keaton ya yi haka a fim ɗinsa College na 1927, kuma gwarzon The General, aikin da ake ɗauka shi ne mafi girma a ayyukansa, yana ɓangaren jihohin Kudu ne, masu kare cinikin bayi a yaƙin basasar Amurka. Mai kallo a Najeriya yana da haƙƙin ya ji wannan a ransa, ko da masana sun ce a duba zamanin da aka yi abin.

Ƙorafin da ya fi yawa kuwa, cewa mutanen ciki suna tafiya fir-fir kamar an kunna su, yana da bayani na fasaha. Da hannu ake juya kyamarar zamanin, galibi hoto 16 zuwa 20 a daƙiƙa ɗaya, alhali na'urorin fim mai magana suna gudu ne a kan hoto 24. Idan aka ɗora tsohon fim a sabuwar na'ura, dole ya yi sauri fiye da yadda aka nufa. Gaskiya ne masu barkwanci sukan rage juyin kyamara da gangan don a sami ɗan sauri, amma abin da mutane da yawa suka gani a talabijin da kaset da faifai masu arha ya wuce haka, ga dishi-dishin hoto, ga kiɗan da aka liƙa masa ba tare da la'akari da abin da ke faruwa ba. Da yawa daga masu cewa ba su son waɗannan finafinai ba su taɓa ganin kwafi mai kyau ba.

Abin da masu yabo ke cewa

Masu yabo sukan fara ne da wahalar aikin. Babu kwamfuta a lokacin, kuma manyan 'yan wasan su ke yin yawancin abubuwan haɗari da kansu. A Steamboat Bill, Jr. na 1928, bangon gaban gida mai nauyin kusan tan biyu ya faɗo a kan Keaton, ya tsira ta 'yar tagar da aka auna daidai inda yake tsaye. A wajen ɗaukar Sherlock Jr. na 1924, ruwan tankin jirgin ƙasa ya maka shi da ƙasa ya tsage masa ƙashin wuya, bai sani ba sai bayan shekaru da likita ya ɗauki hotonsa. A The General na 1926 ya jefa kan jirgin ƙasa na gaske cikin kogi a jihar Oregon. Lloyd ya yi hawan benen nan ne da hannun dama marar babban yatsa da manuniya, waɗanda ya rasa a 1919 lokacin da wani bam da aka ɗauka na wasa ne ya fashe a hannunsa. Chaplin nasa haɗarin na haƙuri ne: an ruwaito ya maimaita ɗaukar fitowa ɗaya a City Lights, inda makauniya mai sayar da furanni ta ɗauka shi attajiri ne, har sau 342, yana neman yadda mai kallo zai gane kuskurenta ba tare da an faɗa masa ba.

Amma haɗari kaɗai ba ya mayar da abu fasaha, in ba haka ba da 'yan wasan kura da macizai sun fi kowa. Abin da ya ɗaga ayyukan Chaplin shi ne abin da suke magana a kai. A The Gold Rush, yunwa ta sa ya dafa takalminsa, ya ɗora a faranti, ya ci da cokali mai yatsu cikin natsuwa irin ta babban mutum, yana tsotsar ƙusoshi kamar ƙashin kaza. A Modern Times, aikin ɗaure noti a masana'anta ya shiga jikinsa har ya kasa daina murza hannu bayan an tashi. Ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin tsakiyar wata amma dole ya fito ofis da guga a riga, ko ɗan kasuwar da jarinsa ya karye amma bai fasa zuwa rumfa ba, ya san wannan hali. Rufin asiri ake kiran sa, kuma shi ne jigon ɗan malfar nan daga farko har ƙarshe.

Su kuma masu cewa rahar Bahaushe a baki kaɗai take, sun yi wa al'adar rowa. Tashen watan azumi cike yake da shigar burtu da gemun auduga da tumbin tsumma da tafiyar tsoho, kuma tun kafin a ji abin da yaran ke rerawa an fara dariya. Wawan sarki da 'yan gambara ma suna aiki da jiki gwargwadon yadda suke aiki da baki.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Fim marar magana shi ne fim ɗin da kurma da mai ji suke kallo a matsayi ɗaya. Chaplin ya yi abota da wani mai zane kurma, Granville Redmond, ya kuma sa shi a finafinansa da dama. A ƙasar da kurame ke da tasu maganar hannu, kuma kasuwa ɗaya ke haɗa Bahaushe da Bazabarme da Ibo da Buzu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Chaplin ko Keaton

Ko a tsakanin masu yabon akwai rabuwar kai, kuma ta daɗe. A zamaninsu Chaplin ne sarki, Lloyd ya fi kowa yawan finafinai masu kawo kuɗi a shekarun 1920, Keaton yana baya. The General bai samu karɓuwa ba da ya fito, kuma a 1928 Keaton ya shiga kamfanin MGM inda ya rasa ikon sarrafa aikinsa, shaye-shaye ya kusa gamawa da shi. Rubutun da James Agee ya yi a mujallar Life a 1949 ne ya fara dawo da sunansa. A ƙuri'ar masana ta mujallar Sight and Sound ta 1952, finafinan Chaplin biyu, City Lights da The Gold Rush, suna kusa da ƙololuwa. A ta 1972 babu Chaplin a goman farko, The General ya shiga.

Magoya bayan Keaton suna zargin Chaplin da roƙon hawaye, wai yana matsa wa mai kallo sai ya tausaya masa, kuma kyamararsa a tsaye take kamar ana ɗaukar wasan dandamali. Magoya bayan Chaplin suna cewa Keaton injiniya ne, ana mamakinsa amma ba a ƙaunarsa. Siyasa ma ta shiga: an zargi Chaplin da ra'ayin gurguzu, a 1952 Amurka ta soke izininsa na komawa ƙasar, ya zauna a Suwizalan har rasuwarsa a 1977, in ban da ziyarar 1972 da ya je karɓar lambar girmamawa ta Oscar. A Arewa dai wannan gardama ba ta da tushe sosai, domin Chaplin ne sunan da ya zauna.

Shigowa ta bayan gida

Tasirin Chaplin ya fi isowa ga Hausawa ta Indiya. Raj Kapoor ya ari kamanninsa da tafiyarsa a Awaara na 1951 da Shree 420 na 1955, ya ƙara musu waƙa da soyayya, a daidai lokacin da finafinan Indiya suka fara mamaye silimun Arewa. Lambar 420 ɗin nan sashe ne na dokar zamba a tsohon kundin hukunta laifuka na Indiya, kamar yadda 419 take a Najeriya. Masu kallon Arewa suna kiran mugun fim da bos, mai ba da dariya kuma cali, kalmar da ake dangantawa da sunan Charlie. A Ghana ma, Bob Johnson, ɗaya daga cikin iyayen wasan dandamalin da ake kira concert party, ya koyi wani ɓangare na salonsa daga finafinan Chaplin.

Da masana'antar fim ta Kano ta kafu bayan Turmin Danya na 1990, tsohuwar gardamar ta dawo da sabon suna. Finafinan camama, waɗanda marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro ya zama tauraronsu har rasuwarsa a watan Disambar 2014, sun sha irin sukar da aka yi wa Keystone: shirme, gaggawa, babu darasi. Duk da haka su ne talaka ke saye. Ibro ya haɗa biyun, yana da baki, yana kuma da fuska da tafiyar da ke ba da dariya kafin ya furta kalma. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, irin su Algaita a Kano, su kuma sun gaji tafintan majigi, domin sukan ɗora wa hoton baƙo rahar da babu ita a asalinsa.

Wayar hannu ta dawo da salon ta wata fuska. Mutane da yawa suna kallon gajerun bidiyo ne a ofis ko a mota ba tare da kunna sauti ba, kuma abin da ke tafiya a haka shi ne barkwancin jiki. Mr Bean na Rowan Atkinson, wanda aka nuna daga 1990 zuwa 1995, kashi 15 ne kacal, amma har yanzu yana yawo. Khaby Lame, haifaffen Senegal da ya tashi a Italiya, ya fara bidiyo bayan ya rasa aikinsa na masana'anta a 2020, kuma a watan Yunin 2022 ya zama wanda ya fi kowa mabiya a TikTok, da ɗaga kafaɗa da buɗe tafin hannu kawai.

Abin da ya rage a hannu

Ana yanke wa wannan zamani hukunci ne da ɗan abin da ya tsira. Zaren fim na da yana kama wuta cikin sauƙi, yana kuma ruɓewa, kamfanoni da yawa ma sun zubar da tsofaffin kayansu bayan zuwan murya. Wani rahoto na ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka a 2013 ya ƙidaya dogayen finafinai marasa magana kusan 11,000 da aka yi a ƙasar tsakanin 1912 da 1929, ya ce kashi 70 cikin 100 sun ɓace gaba ɗaya. Ayyukan Chaplin da Lloyd sun tsira ne galibi saboda su suka mallaki abinsu suka adana.

Shi kansa Chaplin ya taɓa yin aikin tafinta. A 1942 ya sake fitar da The Gold Rush, ya cire allunan rubutu, ya ɗora muryarsa yana ba da labari. Shi ya fi son wannan, masana da yawa kuma sun fi son na 1925, wanda Kevin Brownlow da David Gill suka sake haɗawa a 1993. A dokar Amurka haƙƙin mallakar irin waɗannan ayyuka yana ƙarewa ne bayan shekara 95, don haka Safety Last! ya zama na kowa a can tun 2019, The Circus ya biyo baya a 2024, City Lights kuma sai farkon 2027. Dokokin wasu ƙasashe sun bambanta, saboda haka mai niyyar ɗora wa ɗayansu muryar Hausa don sayarwa sai ya fara bincika matsayinsa a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya.